Tseren kwale-kwale da 'ya'yan talakawa a biranen Amurka

A wasu manyan biranen Amurka kamar New York da Chicago da Philadelphia da Boston, akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke ɗaukar yaran unguwannin marasa galihu bayan an tashi daga makaranta, su kai su bakin kogi su koya musu tseren kwale-kwale, ba tare da iyayensu sun biya ko sisin kwabo ba.

Tuƙin dai rabin aikin ne kawai. Sauran rabin a kan tudu ake yin sa: ƙarin darasi, da koyon iyo, da abinci, da kuma wani babba da zai riƙa bibiyar yaro har ya kammala sakandare ya samu gurbi a jami'a.

Abin da ya sa tsarin ya ja hankalin jama'a shi ne irin wasan da aka zaɓa. Shekaru fiye da ɗari ana yi wa tseren kwale-kwale kallon wasan fararen fata masu hannu da shuni, waɗanda 'ya'yansu ke zuwa makarantun kuɗi. Yaron da ya tashi a unguwar West Side ta Chicago yana iya girma har ya tsufa bai taɓa ganin irin wannan jirgi da idonsa ba, alhali kogin bai fi tafiyar 'yan mintoci daga gidansu ba.

Wane irin wasa ne?

Ya bambanta da tseren da ake gani a bikin kamun kifi na Argungu ko a Rigatar Yawuri, inda matuƙa ke fuskantar gaba suna riƙe da filafili a hannu. A nan matuƙin baya yake bai wa inda jirgin ya dosa. Filafilin dogo ne, an maƙala shi a wani ƙarfe da ke gefen jirgin, kujerar kuma tana zamewa gaba da baya a kan 'yan ƙananan tayoyi. Saboda haka mafi yawan ƙarfin tuƙin daga ƙafafu yake fitowa, ba daga damatsa ba kamar yadda mai kallo zai zata.

Jiragen iri-iri ne. Akwai na mutum ɗaya, mai tsawon kimanin mita 8, da nauyin aƙalla kilo 14. Akwai na mutum biyu da na huɗu. Mafi girma shi ne na mutum takwas, mai tsawon kusan mita 18 da nauyin aƙalla kilo 96, amma faɗinsa bai fi na kujerar zama ba sosai. Shi wannan yana da mutum na tara, wanda akasari ƙaramin jiki ne da shi, yana zaune yana fuskantar gaba, shi ke riƙe da akalar jirgin, shi ne kuma ke bai wa matuƙan umarni.

A gasar ƙasa da ƙasa nisan tseren mita 2,000 ne. Jirgin maza mafi sauri da aka taɓa gani, na Jamus a 2017, ya cinye wannan nisa cikin minti biyar da daƙiƙa 18 da 'yan kai.

Masu koyar da wasan sukan ce babu wani wasa da ya kai shi tilasta wa mutane haɗa kai. A ƙwallon ƙafa gwani ɗaya yana iya ɗauke nauyin ƙungiya. A jirgin mutum takwas kuwa, idan filafilin mutum ɗaya ya riga na sauran shiga ruwa, ko ya makara ko da ƙiftawar ido ne, sai jirgin ya karkace ya rage gudu. Haka kuma idan ɗaya bai zo atisaye ba, bakwai ɗin ba za su fita ba. A kan wannan siffa ce ƙungiyoyin suka gina yawancin hujjarsu.

Yadda ya zama wasan masu hali

Asalin wasan na talakawa ne. Masu fito a kogin Thames na Landan, waɗanda ke ƙetarar da mutane don neman abinci, su ne suka fara tsere a tsakaninsu, kuma gasarsu da aka fara a 1715 tana nan har yau. A ƙarni na 19 ma ƙwararrun matuƙa da ke tsere don kuɗi, irin su Ned Hanlan na Kanada wanda ya zama zakaran duniya a 1880, sukan tara dubban 'yan kallo, ana ta caca a kansu.

Sai dai a daidai wannan lokaci manyan makarantu sun shiga harkar. Jami'o'in Oxford da Cambridge sun fara karawa a 1829. An kafa gasar Henley a 1839. A Amurka kuma, karawar da aka yi tsakanin Harvard da Yale a 1852 ita ce gasar wasanni ta farko tsakanin jami'o'in ƙasar.

'Ya'yan manya ba su ji daɗin shan kaye a hannun masu fito ba. A ƙarshen ƙarnin sai aka kafa ƙa'ida a Ingila wadda ta haramta wa duk wanda ya taɓa cin abinci da aikin hannu, wato makaniki ko mai sana'a ko lebura, shiga gasar waɗanda ba don kuɗi suke wasa ba. Hujjar da aka bayar ita ce aikin nasu ya ba su ƙarfin da zai cutar da sauran.

Labarin da aka fi tunawa shi ne na John B. Kelly, wani magini ɗan Philadelphia da aka hana shi shiga gasar Henley a 1920. Akwai tsohuwar rigima tsakanin masu shirya gasar da kulob ɗinsa, amma an kuma kawo batun aikin hannu. Bayan 'yan makonni ya je gasar Olamfik a Antwerp ya ci lambobin zinare biyu, ya kuma doke Baturen Ingilan da ya lashe tseren da aka hana shi. Sai a 1937 aka soke ƙa'idar. Ɗansa ya lashe wannan tsere a 1947, 'yarsa Grace Kelly kuma ta zama tauraruwar fina-finai, daga baya ta auri yariman Monako.

An soke ƙa'ida, amma tsada ta ci gaba da yin aikinta. Sabon jirgin mutum takwas yakan kai dala dubu 40 ko fiye. Ga filafilai, ga jirgi mai inji da koci zai riƙa bin yara da shi, ga tirelar ɗaukar jirage zuwa gasa, ga kuɗin inshora. Abin da ya fi duka wuya shi ne fili a bakin ruwa inda za a gina ma'ajiyar jirage. Makarantar gwamnati da ke fama da ƙarancin littattafai ba ta da halin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Sakamakon a fili yake. Mace baƙar fata ta farko da ta ci lambar Olamfik a wasan ita ce Anita DeFrantz, wadda ta samu tagulla a Montreal a 1976. Namiji baƙar fata kuwa bai wakilci Amurka a tuƙin Olamfik ba sai a 2004, lokacin da Aquil Abdullah ya je Athens.

Daga ƙarfe uku zuwa shida

Makarantun Amurka sukan tashi ne da misalin ƙarfe uku na yamma, iyaye kuma ba sa dawowa daga aiki sai shida ko fiye. Alƙaluman ma'aikatar shari'a ta ƙasar sun daɗe suna nuna cewa a ranakun makaranta, laifukan tashin hankali da ƙananan yara ke aikatawa sun fi yawa ne a sa'ar farko bayan an tashi, ba da tsakar dare ba.

Masu hali sukan cike wannan giɓi da kuɗinsu, su sa yara darasin kiɗa ko wasanni ko su ɗauko malamin gida. Ga sauran kuwa, gwamnatin tarayya ta ɓullo da wani shiri a 1994 na tallafa wa cibiyoyin karatu na bayan makaranta, wanda kasafinsa ya kai dala biliyan ɗaya a shekara tun farkon shekarun 2000. Ƙungiyoyin tuƙi wani ɗan ƙaramin reshe ne na wannan babban yunƙuri, ko da yake akasarin kuɗinsu ba daga gwamnati yake fitowa ba.

Jirgin aro da 'yan mata takwas

Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Row New York, wadda Amanda Kraus ta kafa a 2002. Ita kanta sai da ta shiga Jami'ar Massachusetts ta fara tuƙi. Yayin da take karatun digiri na biyu a fannin ilmi a Harvard, ta yi aiki da wani shiri na 'yan matan makarantun gwamnati a Boston mai suna G-Row, wanda Holly Metcalf, mai lambar zinare ta Olamfik ta 1984, ta assasa.

Da jirgi ɗaya na aro da 'yan mata takwas aka fara, a wani tafki mai suna Meadow Lake da ke gundumar Queens. Bayan shekara goma aka fara ɗaukar yara maza, aka kuma buɗe reshe a kogin Harlem da ke Manhattan, daga baya aka ƙara wani a Brooklyn. An kuma shigo da naƙasassu da tsofaffin sojoji.

Tsarin da ta bi shi ne wanda akasarin takwarorinta ke bi. Ana zuwa makarantu a nemi yara, ba a tambayar ko sun taɓa tuƙi. Wanda aka ɗauka zai riƙa zuwa kusan kowace rana a mako. Wasu ranakun na ruwa ne, wasu na aji, inda ake taimaka masa da aikin gida, a shirya shi jarrabawar shiga jami'a, a kai shi ziyara jami'o'i, a zauna da shi a cike takardun neman tallafin karatu, waɗanda ke da wuyar sha'ani ga iyayen da ba su taɓa shiga jami'a ba, balle baƙin haure da ba sa jin Ingilishi sosai. Idan hunturu ya zo ruwa ya daskare, sai a koma cikin ɗaki a kan na'urar atisayen tuƙi. Iyalai masu ƙaramin ƙarfi ba sa biyan komai, 'yan ƙalilan masu hali da ake ɗauka kuma suna biya.

A 2020 aka naɗa Amanda Kraus shugabar hukumar tuƙin kwale-kwale ta Amurka baki ɗaya, abin da masu lura da al'amura suka ɗauka a matsayin alamar cewa hukumar ta amince tana da matsala.

A Philadelphia, birnin da ake yi wa kirari da cibiyar wasan a Amurka, ƙungiyar Philadelphia City Rowing ta fara aiki a 2009 domin ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai, a kan kogin Schuylkill, kusa da jerin tsofaffin kulob-kulob da aka gina tun ƙarni na 19. A unguwar Bronx ta New York kuma, Rocking the Boat da Adam Green ya fara a 1996 ta ɗauki wani salo na daban: yaran su ne ke sassaƙa jirgin katako da hannunsu kafin su tuƙa shi.

Yaran makarantar Manley

Labarin da ya fito da batun ga idon duniya ya girmi duk waɗannan ƙungiyoyi in ban da ƙalilan. A 1997 wani ɗan kasuwar hada-hadar kuɗi a Chicago, Ken Alpart, wanda ya yi tuƙi a Jami'ar Pennsylvania, ya kai jirgi ɗakin cin abinci na sakandaren Manley da ke West Side, ya ce yana neman masu sha'awa. Makaranta ce da yawancin ɗalibanta ba sa kammalawa, a unguwar da ƙungiyoyin 'yan daba suka raba tituna a tsakaninsu, ta yadda yaro sai ya san layin da zai bi kafin ya isa aji lafiya.

Da farko babu wanda ya kula. Sai da aka yi alƙawarin abinci kyauta sannan wasu suka leƙo. Daga cikinsu akwai Arshay Cooper, wanda mahaifiyarsa ta yi fama da shan miyagun ƙwayoyi kafin ta samu kanta. Ƙungiyar da suka kafa ita ce ake ambata a matsayin ta farko a sakandaren Amurka da dukkan matuƙanta baƙaƙen fata ne.

Ba su zama zakaru ba. Akasarinsu ba su iya iyo ba, suna kuma tsoron ruwa, kuma sun sha kunya a gasanninsu na farko a gaban yaran makarantun kuɗi. Abin da Cooper ya fi nanatawa a littafin tarihin rayuwarsa, wanda ya fara fitowa a 2015 aka kuma sake buga shi a 2020 da sunan A Most Beautiful Thing, shi ne natsuwar da ya samu a kan ruwa, nesa da jiniyar 'yan sanda da ƙarar bindiga, da kuma yadda yaran da suka fito daga yankunan dabobi masu gaba da juna suka zauna a jirgi ɗaya. A ganinsa, wasannin da aka saba tura yaran irin unguwarsu, kamar ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka, suna ƙara hura wutar faɗa a zuciyar yaron da dama a cikin tashin hankali yake rayuwa, shi kuwa tuƙi kwantar da ita yake yi.

Cooper ya zama ƙwararren mai dafa abinci, daga baya ya koma aikin yaɗa wasan. Wasu daga cikin abokansa sun kafa sana'o'insu, wasu kuma sun shiga gidan yari sun fito. Mutuwar ɗaya daga cikin masu horar da su ce ta sake haɗa su bayan shekara ashirin. A 2019 suka koma ruwa a wata gasa a Chicago, suka kuma gayyaci 'yan sandan birnin suka shiga jirgi ɗaya da su, lamarin da ba ƙaramin abu ba ne a birnin da ke da mummunan tarihi tsakanin 'yan sanda da baƙaƙen fata. Mary Mazzio, wadda ita ma tsohuwar matuƙiyar Olamfik ce, ta shirya fim a kan labarin, ya fito a 2020.

Shirin na Manley bai ɗore ba, 'yan shekaru kaɗan ya yi. Amma a 2007 an kafa Chicago Training Center da ke koyar da yaran talakawa kyauta. Wurin atisayenta wani reshe ne na kogin Chicago da ake kira Bubbly Creek, wato rafi mai kumfa, sunan da ya samo daga iskar da ke tasowa daga ƙazantar da mahautan birnin suka shafe shekaru suna zubawa a ciki.

Matsalar iyo

Kafin yaro ya shiga jirgi dole ne ya ci gwajin iyo. A nan ne ƙungiyoyin ke cin karo da shingen farko. Wani bincike da gidauniyar hukumar ninƙaya ta Amurka ta fitar a 2017 ya gano cewa kashi 64 cikin ɗari na yaran baƙaƙen fata ba su iya iyo ba, ko kuma kaɗan suka iya, idan aka kwatanta da kashi 45 na 'yan asalin Latin Amurka da kashi 40 na fararen fata. Hukumomin lafiya sun kuma nuna cewa yaran baƙaƙen fata sun fi takwarorinsu mutuwa ta hanyar nitsewa a wuraren wanka, ninki-ba-ninki.

Wannan ba halitta ba ce, tarihi ne. A farkon ƙarni na 20 biranen Amurka sun gina dubban wuraren ninƙaya na jama'a, amma aka hana baƙaƙen fata shiga, a kudu da ƙarfin doka, a arewa kuma da ƙarfin tuwo. Da aka buɗe musu wani babban wurin wanka a St. Louis a 1949, sai da tarzoma ta ɓarke. A 1964 an ɗauki hoton wani manajan otal a St. Augustine ta jihar Florida yana zuba asid a ruwan da masu zanga-zanga ke ciki. Bayan kotuna sun haramta wariya, garuruwa da dama sun gwammace su rufe wuraren, fararen fata kuma suka koma kulob-kulob na kuɗi.

Kakar da ba ta iya iyo ba takan haifi uwar da ke tsoron ruwa, ita kuma ta hana ɗanta zuwa kusa da shi. Don haka aikin farko na masu shirye-shiryen shi ne shawo kan iyaye, na biyu kuma biyan kuɗin darasin iyo. Ko da yaro ya bar tuƙi bayan wata shida, wannan ɗaya ya riga ya tafi da shi, kuma mai yiwuwa shi ne amfanin da ba wanda zai yi jayayya a kansa.

Ƙofar jami'a

Akwai wani dalilin da ya sa aka zaɓi wannan wasa, wanda ya shafi kuɗi kai tsaye. Karatu a wasu jami'o'in Amurka masu zaman kansu ya haura dala dubu 80 a shekara idan aka haɗa da masauki da abinci. Jami'o'in kuma suna ɗaukar 'yan wasa da muhimmanci ƙwarai, suna ba su tallafi ko fifiko wajen shiga.

A 1972 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Jami'o'in da ke da manyan ƙungiyoyin ƙwallon Amurka, masu ɗauke da maza fiye da ɗari, sai suka shiga neman wasan da zai ɗauki mata da yawa lokaci guda domin su daidaita lissafi. Tuƙi ya dace da buƙatar. A 1997 hukumar wasannin jami'o'i ta fara gasar tuƙi ta mata, kuma har zuwa 2025, lokacin da aka sauya tsarin baki ɗaya, ƙa'ida ta amince wa babbar jami'a ta ba da cikakken tallafin karatu har guda 20 ga matuƙanta mata. Maza ba su samu irin wannan gata ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa shirye-shiryen farko a Boston da New York suka fara da 'yan mata.

Masu kuɗi sun daɗe da sanin wannan ƙofa. A watan Maris na 2019 masu gabatar da ƙara na tarayya suka bankaɗo wata badaƙala ta sayen guraben jami'a. Daga cikin waɗanda aka kama akwai 'yar fim Lori Loughlin da mijinta, waɗanda suka biya dala dubu 500 domin a shigar da 'ya'yansu mata biyu Jami'ar Kudancin California a matsayin matuƙa, alhali ba sa wasan. Hujjar da aka haɗa wa jami'ar ta ƙunshi hotunansu a kan na'urar atisaye. An ɗaure ta wata biyu, mijin kuma wata biyar.

Shin abin yana aiki?

Ƙungiyoyin sukan ba da rahoton cewa kusan dukkan yaran da suka kai ƙarshen shirin suna kammala sakandare, akasarinsu kuma suna wucewa jami'a. Babu dalilin ƙaryata su. Amma yaron da ya iya jure atisaye kwana biyar ko shida a mako har shekara huɗu, cikin sanyi da zafi, wataƙila dama yana da naci da goyon bayan gida da za su kai shi ga nasara ko babu jirgi. Waɗanda suka zame a hanya kuwa ba sa shiga lissafin ƙarshe.

Inda ake da bincike mai ƙarfi shi ne a kan ɗaya ɓangaren, wato haɗa yaro da babba mai yi masa jagora. A 1995 aka fitar da sakamakon wani gwaji kan ƙungiyar Big Brothers Big Sisters, wadda asalinta ke komawa 1904. An ɗauki yara 959 aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, aka bai wa rabi jagora, rabi kuma aka sa su jira. Bayan wata 18, yiwuwar fara shan ƙwaya a tsakanin waɗanda suka samu jagora ta yi ƙasa da kashi 46 cikin ɗari, ta fara shan barasa kuma da kashi 27, sannan sun rage fashin makaranta da kusan rabi. Sai dai yaran ne da kansu suka ba da amsoshin.

Da Jean Grossman da Jean Rhodes suka sake nazarin waɗannan alƙaluma a 2002, sun gano wani abu mai tayar da hankali. Yaran da dangantakarsu da jagoran ta kai shekara ɗaya ko fiye su ne suka fi amfana. Waɗanda kuwa aka rabu da su kafin wata uku, sai da darajar da suke bai wa kansu ta ragu. Wato ga yaron da uba ya riga ya gudu ya bar shi, babban da ya zo ya yi alƙawari ya ɓace illa ya ƙara masa.

Akwai ma gargaɗin da ya girmi wannan. A 1939 aka fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na jihar Massachusetts, inda aka bai wa yara maza 253 masu ba da shawara da taimakon karatu da hutun sansani, aka bar wasu 253 ba tare da komai ba. Da Joan McCord ta bi sawunsu bayan shekara talatin, ta wallafa a 1978 cewa waɗanda aka taimaka wa sun fi ɗaya rukunin maimaita laifi da shaye-shaye da mutuwa da wuri, duk da cewa da yawansu sun ce shirin ya amfane su. Ɗaya daga cikin bayanan da aka bayar daga baya shi ne tara yara masu matsala wuri ɗaya yakan sa su koya wa juna.

Shi ma shirin gwamnatin tarayya bai tsira ba. Wani nazari da aka fitar a 2003 ya ce bai ga wani ci gaba na a-zo-a-gani a makin ɗalibai ba, har gwamnatin Shugaba Bush ta nemi a zaftare kashi 40 cikin ɗari na kasafinsa, majalisa ta ƙi.

Idan aka auna shirye-shiryen tuƙi da wannan ma'auni, ƙarfinsu yana wurin daɗewa. Koci yana ganin yaro kusan kullum har shekaru, ba sa'a ɗaya a mako ba, kuma albashi ake biyansa, ba sa-kai yake yi ba. Rauninsu kuma tsada ne da ƙarancin waɗanda suke iya ɗauka. Makarantun gwamnati na birnin New York suna da ɗalibai wajen dubu 900, waɗanda ke samun cikakken shirin tuƙi kuwa 'yan ɗaruruwa ne. Masu suka suna cewa kuɗin jirgi ɗaya zai biya malaman ƙarin darasi da yawa. Akwai kuma dogaro da attajirai, waɗanda akasarinsu tsofaffin matuƙa ne daga manyan jami'o'i. Idan hankalinsu ya koma wani wuri, shiri yakan mutu.

Domin rage tsada wasu sun koma ga na'urar atisaye, wadda kamfanin Concept2 na jihar Vermont ya fara ƙerawa a 1981, kuma kuɗinta bai wuce kimanin dala dubu ɗaya ba. Gidauniyar George Pocock da ke Seattle takan kai irin waɗannan na'urori makarantun gwamnati domin darasin motsa jiki, daga nan a zaƙulo masu sha'awar zuwa ruwa.

Birtaniya da Afirka

A Birtaniya ma haka lamarin yake. Kimanin kashi 7 cikin ɗari na yaran ƙasar ne ke zuwa makarantun kuɗi, amma fiye da rabin matuƙan da suka ci wa ƙasar lambobi a Olamfik ta Landan a 2012 daga can suka fito. Ƙungiyar London Youth Rowing da aka kafa a 2004 tana aiki da makarantun gwamnati, musamman a gabashin Landan, tana kuma shirya gasar ƙasa ta yara a kan na'ura.

A wannan gasa ta 2012 ce Sizwe Ndlovu na Afirka ta Kudu ya zama baƙar fata na farko daga nahiyar Afirka da ya ci zinare a tuƙi, tare da abokansa uku. A can ne kuma aka ga Hamadou Djibo Issaka na Jamhuriyar Nijar, wani mai aikin lambu ɗan shekara 35, wanda ya shiga da gurbin alfarma bayan atisayen kimanin wata uku kacal. Shi ne ya zo na ƙarshe, da tazara mai yawa, amma 'yan kallo suka miƙe suna yi masa tafi har ya ƙarasa. Tsohon zakaran Birtaniya Steve Redgrave ya soki ba shi gurbin, yana mai cewa akwai waɗanda suka fi shi cancanta da aka bari a gida.

Najeriya ba ta samu wakili a wasan ba sai a Rio a 2016. Wadda ta wakilce ta, Chierika Ukogu, a yankin Philadelphia ta tashi, ta yi tuƙi a Jami'ar Stanford, ta jinkirta shiga makarantar koyon aikin likita domin ta yi atisaye, kuma ta hanyar neman gudummawar jama'a a intanet ta tara kuɗin shirinta.